Hajo da Waƙa ta Tara

Duk wanda ya bi hanyar Guri daga Haɗejiya lokacin da shinkafar rani ta fara ɗaukar nono, kafin ya kai ƙauyen Tsamiya Biyu zai ji ƙarar gwangwanaye daga cikin fadama. Idan ya waiga zai hango mace a kan rumfar kara, doguwa, siririya, da malfa a kan ɗankwali, igiyoyi cike da hannu biyu. Hajo ke nan, matar Malam Shu'ibu. Shekarunta hamsin da 'yan kai, kuma rani ashirin da wani abu ta yi a kan rumfar nan tana faɗa da janbaki.

Wanda bai san janbaki ba zai raina shi, don duka-duka bai cika tafin hannun jariri ba. Matsalar ita ce ba ya zuwa shi kaɗai. Yana kwana cikin kachalla, ciyawar nan da ta toshe rabin kogi, da safe ya taso dubu bisa dubu har hasken rana ya dusashe, ya sauka a gonar mutum. Idan mai gona ya je shan ruwa ya ɗan tsaya gaisawa, ƙaiƙayi zai dawo ya tarar.

Gonar su Hajo ita ce ta ƙarshe, daf da kachallar, saboda haka ita ke fara karɓar baƙin. Igiya shida take ja, kowace ta nufi kusurwarta, an jera mata gwangwanayen madara da na tumatir da tsakuwa a ciki. Tsakanin sanduna kuma ta miƙa zaren kaset, iska na kaɗa shi yana walƙiya. A yawancin gidaje kora aikin yara ne, amma Hajo ba ta barin kowa ya hau rumfarta lokacin saukar tsuntsu. Ta ce yara wasa suke yi. Mutane suka yarda, don mace ce da ba a saba jin ta faɗi abin da ba shi ba ne.

Iyayenta makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna a gefen fadama, kuma abin da ta gada daga wurinsu ba shanu ba ne, kunya ce. Kowace uwa a ƙasar nan ta san kunyar ɗan fari, sai dai yanzu yawanci ta zama ta ganin ido: a ƙi kiran sunan yaro a gaban surukai, a shiga ɗaki a yi ta yi masa rawa. Hajo ita da gaske ta riƙe ta, yadda ta gani a wurin uwarta da kakarta. Da ta haifi ɗanta na fari aka raɗa masa Abdulmannan, sunan bai taɓa bi ta bakinta a gaban wani ɗan adam ba. Ana yaye shi aka miƙa shi ga Goggo Adila, yayar Malam Shu'ibu, wadda katanga ɗaya ce ta raba su. Daga ranar, idan magana ta kama dole, sai Hajo ta ce "na Goggo". Masu rigakafi suka zo suna tambayar sunayen 'ya'yanta, ta fara daga ta biyu, Mardiyya. Ranar da yaron ya faɗa kogi yana shekara bakwai, aka shigo da shi a kafaɗa ruwa na fita ta hanci, gida ya rikice da salati, Hajo ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ci gaba da daka har aka ce ya farfaɗo. Goggo Adila ce kaɗai ta leƙa turmin, ta ga babu komai a ciki, ta kuwa kama bakinta har ta mutu.

Garin ya ba ta lambar yabo. "Kunya sai Hajo," in ji mata. Idan amarya ta yi haihuwar fari ta cika rawar kai da jariri, sai a ce ta je ta ga zaman Hajo. Kuma a faɗi gaskiya, tana jin daɗin yabon nan ƙwarai, har takan yi wa wasu gyara a gaban mutane ba a tambaye ta ba. Ba ta da zinariya, ba ta je Makka ba, ba ta yi boko ba. Abin da take da shi ke nan, ta kuma san tana da shi.

Shi kuwa na Goggo, tun yana ƙarami ya samu galan da wayar birkin keke ya haɗa abin kaɗawa, ya hana unguwa barcin rana. Ya tafi karatu Kano ya dawo da jita da kwali guda na kasa-kasai. Kiɗan da ya ɗauko ba na biki ba ne, ba kuma na sarauta ba. Rok suke kiransa: jita ce ake jona wa lantarki ta yi ta kururuwa, ga ganguna biyar ko shida a gaban mutum ɗaya. Dattawan Tsamiya Biyu suka rasa inda za su ajiye shi. Jikan limamin gari ya zama makaɗi, makaɗin ma wanda ba ya wasa kowa ba ya roƙon kowa, to me ke nan?

Da ya samu 'yan'uwan shiriritarsa a Jos ya yanke zai koma can, kowa ya faɗa masa tasa. Ubansa, mutum mai sanyi wanda ko hanya ka tambaye shi sai ya ce bari ya yi tunani, ya yi faɗan da bai iya ba. Goggo Adila ta yi kuka ta ƙulla masa yaji da busasshen kifi. Sannan ya zagayo ya durƙusa a bayan Hajo tana shiƙa, ya ce, "Inna, zan tafi." Hajo ta kori kazar da ke tsince mata tsaba. Ya jima a durƙushe, ya tashi ya fita. Da sati ya zagayo ta ɗauko kwalin kasa-kasansa daga gidan Goggo, ta fasa ɗaya da dutse a tsakar gida, ta zare zaren ta kai gona. Gari ya ce ta yi fushi, kuma ta yi daidai. Labarin bai tsaya a Tsamiya Biyu ba, har Jos ya je.

Ba fushi ba ne. Ba ta da hotonsa, kuma ba za ta ajiye rigarsa a ɗakinta a gani ba. Zaren kaset kuwa kowa na ratayawa a gona, babu mai tambaya.

A wannan ranin ne abin ya fara. Wata safiya tsuntsu ya sauko da yawan da ba ta taɓa gani ba, ta haɗa igiya shida ta fizga, fadama ta ɗauki ƙara, maƙwabta kowa na ihu a tasa gonar. Ta buɗe baki za ta ce "haa" kamar kullum, sai sunan ya fito, cikakke, da iyakar ƙarfinta. Ta duba gabas ta duba yamma: gona mafi kusa tana can nesa, mai ita yana dukan garwa. Babu wanda ya ji. Washegari ta sake, wannan karon da gangan. Shekara goma sha ɗaya tana haka, safe da yamma, tun daga ɗaukar nono har yanka. Wannan ne dalilin da ya sa yara ba sa hawa rumfarta.

Abdulmannan yakan zo da salla ya sauka gidan Goggo, ya gaishe da Hajo daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Da Goggo Adila ta rasu sai zuwan ya yanke.

Shekara biyu da suka wuce, ƙungiyarsu, su huɗu, mai suna Ambaliya, ta shiga situdiyo a Jos za ta yi faifanta na farko, waƙa tara. Abdulmannan ya ce yana son a ji fadamarsu a ciki: injin ban ruwa, filafilin kwalekwale, gwangwanayen kora. Shi bai zo ba, ya turo Sunusi, mai haɗa musu sauti. Sunusi ya yi abin da ya kamata, ya sami maigida ya nemi izini. Malam Shu'ibu ya ce babu komai, ya kai shi gona da tsakar rana, Sunusi ya ɗaure na'urarsa a jikin sandar rumfa, daidai saitin kan mai tsayuwa. Saura a sanar da mai rumfa. To ta ina Malam Shu'ibu zai fara? Ya ce mata abokin ɗanki ne? Fiye da shekara talatin bai taɓa yi mata maganar yaron kai tsaye ba. Sai ya ce, "Wasu baƙi sun rataya wani abu a rumfa, kada ki taɓa." Hajo ta ga abu mai gashi-gashi kamar gafiya an ɗaure shi da roba, ta ɗauka na malaman gona ne masu lissafin tsuntsu. Kwana huɗu yana rataye kamu ɗaya daga bakinta.

Bayan wata biyar Abdulmannan ya kira Mardiyya, wadda ke aure a cikin Haɗejiya. Ya ce ta tambayar masa Inna, akwai muryarta a abin da aka ɗauko, yana so ya sa. Bai faɗi abin da muryar ke cewa ba, shi ma ɗan gidan ne. Mardiyya ta zo ƙauye ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Inna, Yaya ne ya ce..." Tana cewa Yaya, Hajo ta kau da kai ta hau tsintar wake.

"Wai zai sa ƙarar gwangwanayenki da ihun kora a faifansu."

"Gwangwani har wani abu ne da za a tambaye ni? Su yi abin da suka ga dama."

Mardiyya ta fita ta buga waya ta ce, "Ta ce to." Haka mutum huɗu masu ladabi, kowa yana kiyaye kowa, suka haɗa hannu suka kai Hajo tsakiyar kasuwa.

Rani ya sake zagayowa. Wata ranar kasuwar Haɗejiya, da hantsi ya ɗaga tsuntsu ya koma inuwa, ta bar Malam Shu'ibu a gona ta shiga gari sayen igiya tare da maƙwabciyarta Hafsat mai daddawa. Layin masu igiya yana kusa da rumfar Fannami, mai cajin waya da tura waƙoƙi, wanda ke da lasifika mai tsayin yaro. Kwana uku ke nan yana sa faifan Ambaliya yana faɗa wa duk mai wucewa cewa ɗan ƙasar nan ne ya yi. Hajo ba ta san wannan ba. Ita dai ta ji hayaniya, wani abu na kuka kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali, ta yamutsa fuska ta ci gaba da murza igiya tana duba ƙwarinta.

Sai hayaniyar ta lafa, gwangwanaye suka shigo. Hannunta ya tsaya. Makiyayi ya san kukan kowace saniyarsa, ita ma ta san nata. Ga babban na madara mai tsakuwa uku, ga na manja da ya tsage yake ƙara a shaƙe. Ga ma yadda take ja, biyu a jere, ta saki, sannan ɗaya mai ƙarfi, sai ta ji ganguna sun bi bayan jan nata daidai. Ta tuna maganar Mardiyya, ta ce a ranta ashe wannan ne. Har ta fara murmushi.

Daga nan wata mata ta kwarara kira daga cikin lasifikar: "Abdulmannan!"

Mutum ba ya gane muryarsa da farko. Abin da ya fara zuwa wa Hajo haushi ne: wace marar ta-ido ce wannan take kiran sunan nan haka a bainar jama'a? Matar ta sake kira, ta ja ƙarshen sunan har ya karye. Ta sake. Hajo ta juya za ta yi wa Hafsat magana, ta tarar Hafsat ta saki baki tana kallon ta. Mai igiya, wanda ya san ta shekara da shekaru, ya daina warware igiyar. Wasu mata biyu 'yan Tsamiya Biyu da ke cinikin kifi sun juyo.

"Hajo," in ji Hafsat a hankali, "ba ke ba ce?"

Ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa, kuma da hakan aka yi da ya fi mata sauƙi, don zane ana mayarwa. Kunnuwanta suka toshe, amma ba su toshe yadda za ta daina ji ba. Sunan yana ta fita, sau biyar, sau goma, yana bin layin masu igiya yana shiga layin masu kifi, da muryarta, da kukan da ke cikin muryar wanda ita kanta ba ta san yana ciki ba. Ta ajiye igiyar a ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bi ta tsakanin mutane ba ta gani, ta taka tiren wani mai goro ba ta tsaya ba. Ba ta san yadda ta kai tasha ba.

Kwana takwas ba ta fita ko ƙofar gida ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, zama kawai take yi a bakin gado tana kallon hannuwanta. Abin da ke cin ta biyu ne. Sunan da ta gina shekara talatin da uku ya rushe a hantsi ɗaya. Sannan wurin nan guda ɗaya da take da shi a duniya, inda take zama uwar yaron na ɗan lokaci, an shiga an kwashe an raba wa mutane a waya.

An yi dariya, ba za a ɓoye ba. Wata mata da Hajo ta taɓa yi wa gyara a gidan suna ta zo da kanta, wai dubiya, ta zauna tana tambaya ko maƙogwaro ne ke ciwo. Hafsat kuwa da ta shigo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin ji ta har ƙarshe kuwa?"

"Abin da na ji ya ishe ni."

Malam Shu'ibu ne ya hau rumfa a kwanakin nan, ya cukurkuɗe igiyoyin tun ranar farko. Janbaki bai san kunya ba. A rana ta shida ya dawo ya tsaya a bakin ɗaki yana murza hula, ya ce tsuntsu ya gama da fangalin farko na gonar, wanda ke bakin kachalla, ya fara na biyu, idan aka ƙara sati a haka ko iri ba za a fitar ba.

Hajo ta ce, "Malam, wa ya rataya min abin nan a kai?"

"Na rasa ta inda zan fara ne," in ji shi.

Rana ta tara, bayan la'asar, ta ji sallamar namiji a tsakar gida, ta gane ta tun kafin a ƙarasa. Mardiyya ce ta kira shi, ya taso daga Jos tun asuba. Ya zo ya durƙusa a gefen ƙofa inda ba za su haɗa ido ba. Mardiyya ta tsaya a kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Tsakanin uwar da ɗan bai kai taku uku ba, kowa na jin numfashin kowa, amma ta bakin Mardiyya aka yi maganar.

"Mardiyya, ki ce wa Inna ta yafe mini. Na ɗauka ta san abin da ke ciki."

Mardiyya ta maimaita. Hajo ta ce, "Ki tambayi na Goggo, me na yi masa da zai kai ni kasuwa?"

Ya ba da labari yana kallon ƙasa. Ya ce ranar da Sunusi ya buɗe abin da ya ɗauko, suna zaune su huɗu a situdiyo suna cin gyaɗa, ana jin gwangwanaye ana zaɓen inda za a yanka. Sai kiran ya fito. Sauran suka yi dariya, suka ce ga wata tana neman ka. Shi ya tashi ya fita, ya zauna a ƙasa kusa da janareta, bai san ya zauna cikin baƙin mai ba. Kwana biyu bai iya riƙe jita ba.

"Ki ce mata ban taɓa jin sunana a bakinta ba, wannan na san al'ada ce. Amma ranar da zan tafi kowa ya ce min wani abu, ko zagi ne, ita ba ta ce ba. Sannan aka ce min ta farfasa kasa-kasaina. Na ɗauka ta cire ni daga cikin 'ya'yanta. Shekara goma sha ɗaya haka na ɗauka. Shi ya sa da Goggo ta rasu ban ga wurin wa zan zo ba."

Mardiyya ba ta maimaita wannan ba, muryarta ba za ta ɗauka ba. Babu ma buƙata. Hajo ta dafa gado. Abin kasuwa ya girgiza ta, amma wannan ya fi shi. Ita duk zamanta ta ɗauka ya sani. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, yayan Hajo, ba, kuma kowa a rugarsu ya san wa ta fi so. A wurinta shirun shi ne maganar, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon son. Ashe yaron da aka yi dominsa bai iya karanta shi ba. Gari duka ya yaba mata, mutum ɗaya tal da abin ya shafa yana can Jos yana zaton ba shi da uwa.

Ya ce zai iya sa a cire waƙar daga faifan, ko a goge muryar a bar gwangwanayen. Abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba shi da iko a kai, amma sauran zai yi, ko abokansa sun so ko sun ƙi.

Hajo ta ce, "Mardiyya, sa min ita."

Mardiyya ta ajiye wayarta a dokin ƙofa. Waƙa ta tara ce, ta ƙarshe a faifan, minti shida da wani abu. Hajo ta zauna ta sha ta duka kamar maɗaci. Ta ji gwangwanayenta, ta ji kanta, ta runtse ido. Can tsakiya ta lura jitar nan mai kururuwa ba hauka take yi ba, kiranta take bi: inda ta ɗaga ta ɗaga, inda muryarta ta karye ita ma ta karye. Daga nan kayan kiɗan suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanaye suka yi shiru. Aka ji fukafukan tsuntsu suna nisa. Sai muryarta ta sake fitowa, ba da ihu ba, ƙasa-ƙasa, yadda takan faɗa ita kaɗai bayan garken ya tafi tana mayar da numfashi.

"Abdulmannan."

Shiru na ɗan lokaci. Sannan muryar namiji daga cikin wayar, kusa, tana rawa: "Na'am, Inna."

Faifan ya ƙare. Malam Shu'ibu, wanda ya shigo ba a lura ba, ya juya ya fuskanci rumbu. Hajo ta kai gefen mayafi fuskarta ta daɗe ba ta sauke ba.

"Ki ce masa," in ji ta daga baya, "mutum ba ya amsawa babu kira. Idan ya cire nawa, nasa zai zama na mahaukaci. A bar shi yadda yake." Ta ja numfashi. "Ki kuma ce masa kasa-kasan nan, ɗaya ko biyu nake fasawa a shekara, kuma ban taɓa rataya na wani a gonata ba. Saura uku." Sannan ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta ce a faɗa wa Malam ya sauko mata daga rumfa gobe kafin ya ƙarasa ba tsuntsu sadakar gonar.

An fitar da rabin shinkafar a shekarar. Lambar yabon kuwa ba ta dawo ba. Yanzu babu mai cewa kunya sai Hajo, babu mai turo mata amarya, kuma abin yana yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa Hafsat ba. Ta daina yi wa mata gyara a gidan suna. Har yau "na Goggo" take ce masa, har yau idan ya zo, kuma yanzu yana zuwa, bango take kallo. A kan rumfa ma ba ta ƙara kiran sunan ba, don wurin ya riga ya tonu, masu wucewa har rage tafiya suke yi suna kasa kunne.

Sai dai Mardiyya ta kawo mata wata 'yar lasifika mai caji da hasken rana, saƙo daga Jos, waƙa ɗaya ce a cikinta. Hajo ta ɗaure ta a jikin sandar nan da aka taɓa rataya gafiyar Sunusi. An gano janbaki ya tsani jitar lantarki fiye da yadda dattawan Tsamiya Biyu suka tsane ta, har maƙwabta sun fara zuwa wurin Fannami a tura musu. Idan wata ta tsokane ta, ta ce Hajo, an ji ki yau ma, sai ta ce, "Ni ban kira kowa ba. Na'ura ce."

Safe da yamma waƙar na zagayawa, ita tana jan igiya baki a rufe. Amma duk lokacin da kiɗan ya fara janyewa, sai ta saki igiyoyin shida gaba ɗaya ta tsaya cik, don kada ƙarar gwangwani ta rufe abin da ke tafe. Tsuntsayen sun gane wurin. Suna jin shirun suke sauka a fangalin bakin kachalla su ci abin da za su ci, tana kallon su, ba ta ɗaga hannu sai an amsa.